Kasuwar Da Ta Yi Shiru: Dabarun Masu Fim Da Hotunan Suk al-Shabi

Tun daga ranar 15 ga Afrilu, 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, hotunan bidiyo na kasuwannin Khartum da Omdurman suka riƙa yawo a wayoyin 'yan kasuwarmu, daga Adre zuwa Gamboru, daga Jibiya zuwa Maraɗi. Duk wanda aka miƙa wa waya ya kalli rumfuna a ƙone, ƙofofin shaguna a ɓalle, motoci sun zama gawayi, kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakinsa: kamar a fim. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa muka ga ya dace mu duba yadda masu fim ke ƙera irin waɗannan hotuna, domin dabarun da ake sa mai kallo kuka da su a gidan silima, su ne ake amfani da su a gajerun bidiyon da ɗan kasuwa ke dogara da su kafin ya ɗaure kaya ko ya ba da bashi.

Ga wanda bai sani ba, Suk al-Shabi guda biyu ne, ɗaya a Khartum, ɗaya a Omdurman, ma'anar sunan kuwa ita ce kasuwar jama'a. Dukansu sun yi suna wajen tashoshin motocin da ke zuwa jihohi, da kayan gyaran mota, da kayan masarufi. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa, domin hanyar aikin Hajji ta ƙasa ta nan ta bi shekaru aru-aru, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A watan Yulin 2023 an yi luguden wuta a Suk al-Shabi ta Omdurman, inda hukumomin lafiya suka ce fiye da mutum 30 sun rasu. Saboda haka ba labarin nesa muke yi ba.

Wane irin fim ake nufi?

Akwai wani rukuni na finafinai da ke nuna rayuwa bayan duniya ta ruguje. Ba tashin ƙiyama ake nufi ba, a'a, ana nufin yaƙi ko annoba ko fari ya cinye gwamnati da birane, 'yan tsirarun da suka rage suna fafutukar neman ruwa da abinci. Wani abin lura shi ne, da wuya darakta ya tsaya yana yi maka bayani da baki. Da ido da kunne yake kama ka, kuma dabarunsa manya guda huɗu ne.

Ta farko: wurin cunkoso babu kowa

A fim ɗin 28 Days Later na shekarar 2002, darakta Danny Boyle ya nuna wani saurayi ya farka a asibiti, ya fito ya tarar da birnin Landan babu ko mutum ɗaya. Ba a kori mutanen Landan ba. Da sassafe aka riƙa ɗauka, ana tsayar da motoci na 'yan mintoci, an jera ƙananan kyamarori da yawa domin a samu hoton daga kusurwoyi daban-daban kafin a buɗe hanya. Abin da ke tsorata mai kallo shi ne ya san wurin nan ba ya rabuwa da jama'a. Daji babu kowa ba abin mamaki ba ne, amma kasuwa babu kowa ita ce alamar an mutu. Shi ya sa masu fim ke ja da kyamara baya, su mai da mutum ɗan ƙanƙane a tsakiyar fili, yadda zai zama kamar ƙwayar gero a kan faifai.

Ta biyu: launi

A fim ɗin The Road na 2009, darakta John Hillcoat ya rage launin hoton har komai ya koma ruwan toka, sama da ƙasa da fuskokin mutane. Uba da ɗansa suna tafe suna tura keken zuba kaya na kanti, babu ganye kore ko ɗaya. Ido na ganin haka, zuciya ta yanke cewa ƙasar nan ba za ta sake fid da tsiro ba.

George Miller kuwa, a fim ɗinsa Mad Max: Fury Road na 2015, akasin haka ya yi. Ya ƙara wa rairayi ja da ruwan goro har mai kallo ya ji ƙishirwa, dare kuma da rana aka ɗauke shi sannan aka mai da shi shuɗi a kwamfuta. Da fari a yankin Broken Hill na Ostareliya aka shirya ɗaukar fim ɗin, sai ruwan sama ya sauka, furanni suka rufe hamadar, dole aka kwashe kaya aka koma hamadar Namibiya. Ka ga ke nan, damina guda ta isa ta rusa ƙarshen duniyar mai fim.

Ta uku: sauti da shiru

Duk ɗan kasuwa ya san kasuwa da kunne ake fara jin ta tun kafin a gan ta: ciniki, kiran 'yan kamasho, ƙarar injin niƙa, hon ɗin motoci. Masu fim sun san haka, shi ya sa suke cire waɗannan, su bar ƙarar iska da kwanon rufi yana kaɗawa. Fim ɗin A Quiet Place na 2018 ya fara ne da wasu iyali suna tafiya ba takalmi a cikin kantin da aka gudu aka bari, suna ɗaukar magani ba tare da ko tari ba. Babu jini, babu harbi a wannan wuri, amma mai kallo har numfashinsa yake riƙewa.

Ta huɗu: kyamarar da ba ta ƙiftawa

A fim ɗin Children of Men na 2006, wanda ya nuna duniyar da aka yi shekara 18 ba a haifi jariri ba, darakta Alfonso Cuaron ya bi jarumin da kyamara a hannu cikin ruwan harsashi na tsawon mintoci ba tare da an ga yanka ba, har jini ya fantsama a gilashin kyamarar aka bar shi. Kyamara na girgiza, hoto bai da tsafta, sai mai kallo ya ji cewa wannan ba shiri ba ne, gaskiya ce. A nan haɗarin yake, domin girgizar hoto ba shaida ba ce ta gaskiya. Ita ma dabara ce da ake koya.

Idan kuɗi suka daina aiki

Abin da zai fi jan hankalin ɗan kasuwa a waɗannan finafinai shi ne yadda darajar kaya ke juyewa. A Mad Max na 1985 akwai gari guda da ba a san kuɗi ba sai musaya, ba ni gishiri in ba ka manda. A Fury Road mai mulki shi ne wanda ya riƙe famfon ruwa. A The Road, gwangwanin Coca-Cola guda da uban ya samo ya ba ɗansa, an ɗauke shi kamar wata taska. A fim ɗin Crumbs na 2015, wanda aka yi a Habasha da harshen Amharik, tarkacen roba na wasan yara da tsohon faifan waƙa ne suka zama kayan tarihi masu tsarki, wani mai shago yana taya su da arha. Ita kuma Wanuri Kahiu ta Kenya, a gajeren fim ɗinta Pumzi na 2009, ta nuna al'ummar da ke tace guminta domin ta sha. Saƙon duka ɗaya ne: ranar da ciniki ya tsaya, amana ta ƙare, ranar ce duniya ta ruguje, ko da gine-gine na tsaye.

Me 'yan Sudan suka yi da nasu?

Abin mamaki, masu fim na Sudan da suka ga rugujewar da idonsu ba su bi wannan hanya ba. A 2019 Suhaib Gasmelbari ya fitar da Talking About Trees, labarin gaskiya na dattawa huɗu masu fim, Ibrahim Shaddad da Sulaiman Ibrahim da Manar al-Hilo da Altayeb Mahdi, da suka yi ƙoƙarin farfaɗo da gidan silima na al-Thawra a Omdurman, ɗaya daga cikin gidajen da suka mutu bayan juyin mulkin 1989. Wurin kango ne, ƙura ko'ina, amma kyamarar ba ta tsaya kan kangon ba. Ta tsaya kan dattawan suna wanke allon majigi suna zolayar juna, ga wuta an ɗauke suna haska juna da tocila. Fim ɗin ya ci kyautar fim na gaskiya a bikin Berlin na shekarar.

Haka kuma fim ɗin Khartoum, wanda aka fara nunawa a bikin Sundance na Amurka a Janairun 2025. Da wayoyin hannu aka fara ɗaukar rayuwar mutum biyar, cikinsu har da mai sayar da shayi, da ma'aikacin gwamnati, da yara biyu masu tsintar robobin ruwa. Yaƙi ya tarwatsa su, suka sake haɗuwa a Kenya, inda aka tsayar da su gaban koren ƙyalle, suka kwaikwayi abin da ya same su, daga baya aka ɗora hotunan birnin a bayansu da kwamfuta. Masu fim ɗin ba su ɓoye ƙyallen ba, sun bar mai kallo ya gan shi. Wato sun nuna dabararsu a fili, abin da masu bidiyon farfaganda ba sa yi.

Kafin ka ɗaure kaya

Idan ba a manta ba, sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris na 2025, suka shiga Suk Libya a ƙarshen watan, sannan a watan Mayu suka ce babu sauran RSF a jihar Khartum. Daga nan sai aka samu bidiyo iri biyu. Wani zai ɗauki layin da ya ƙone daga sama da jirgi marar matuƙi, ya ɗora kiɗan makoki, ka ce garin ya mutu. Wani zai matso da kyamara kan rumfa uku masu tumatir, ya ɗora waƙar murna, ka ce komai ya koma daidai. Kowannensu yana iya zama hoton gaskiya, amma ba gaskiyar duka ba.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara, idan aka turo maka irin wannan bidiyo ka tambayi kanka abu huɗu. Yaushe aka ɗauka, wace shekara, wane lokaci na yini, domin kowace kasuwa kango ce da asuba? Sautin wurin ne kake ji ko kiɗa aka ɗora? Launin na rana ne ko an taɓa shi? Kuma me ke bayan mai ɗaukar, wanda bai juya ya nuna maka ba? Bayan haka ka kira wanda ka yarda da shi a can, ka tambaye shi kuɗin buhun sukari, da kuɗin mota, da ko ana karɓar takardar kuɗi ko sai ta Bankak, musamman ganin an canza takardun fam 500 da 1,000 a ƙarshen 2024. Farashi ba ya wasan kwaikwayo.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a zamanin kyamara sai an haɗa gani da tambaya. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa 'yan kasuwa da abin da suka yi asara.