Bayan dashen ƙoda: ciwon kan da ba a kwana da shi a gida

Tun da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, ga kuma masu zuwa Indiya da Masar, gidajen da ke jinyar wanda aka yi wa dashe sun ƙaru. Mai sabuwar ƙoda zai ci gaba da shan maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, don kada jikin ya ɗauke ta baƙuwa ya far mata. Ku duba kwalin maganinsa, galibi za ku ga an rubuta tacrolimus ko cyclosporine.

Waɗannan magunguna biyu, a wasu mutane ƙalilan, sukan taɓa bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Ruwa ya riƙa tsatsafowa, ƙwaƙwalwa ta kumbura, musamman wajen ƙeya inda cibiyar gani take. Likitoci na kiran wannan PRES, kuma a 1996 aka fara bayyana shi da kyau. Hawan jini na ƙara rura wutar.

Yakan fara da matsanancin ciwon kai, sai gani ya dushe ko ya ɗauke gaba ɗaya, mutum ya rikice yana sambatu, wani ma ya faɗi yana jijjiga. A nan ne hankalina ya fi tashi, domin gida da yawa sai a ce iska ce, a kwana ana ruƙiyya da hayaƙi. A yi addu'a, amma a yi ta a mota, a kan hanyar asibiti. Idan an zo da wuri, hoton MRI zai nuna kumburin, a sauko da jinin, a tsayar da jijjigar, likita ya rage maganin ko ya canza shi. Yawanci cikin kwanaki ko 'yan makonni mutum ya dawo daidai, har ganinsa. Jinkiri kuwa na iya kaiwa ga zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Kada dai a daina ba shi maganin don tsoro, a nan ake asarar ƙodar. A kiyaye kuma da sayen magani a kemis: fluconazole da erythromycin na sa tacrolimus ya taru a jini, haka ma gudawa mai tsanani. In ta kama shi, a kira likitansa a auna jinin.