Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka yanke wa tsohuwar rigar gado shekaru

A gidaje da yawa na Funtua da Malumfashi da Bakori akwai adakar da ba a buɗewa sai ranar rabon gado. A ƙasanta akan tarar da babbar riga mai nauyi, shuninta ya kwanta, ɗinkin ƙirjinta ya yi jaja-jaja. Nan take wani zai ce tun zamanin Shehu take, wani ya ce ai ta haura shekara ɗari biyu. Sau da yawa kuma ɗan kasuwar kayan da ne ke yanke magana, ya ba da abin da ya ga dama ya ɗauke. Alhali rigar da kanta tana ɗauke da shaidar shekarunta, in an san inda za a duba.

Fara da zare

Ka juya rigar ciki waje, ka ɗaga ta a hasken rana. Zaren da mace ta kaɗa da mazari ba ya tafiya daidai: nan kauri, nan siriri, wani wurin da ɗan ƙulli. Zaren inji sumul yake tun daga farko har ƙarshe. Sannan ka duba ko ƙyallen faffaɗa ne guda, ko kuwa ƙwarya-ƙwarya aka harhaɗa, wato 'yan siraran saƙar da masaƙa maza ke fitarwa. Manyan rigunan da, irin su saƙi da barage da tsamiya, duk harhaɗawa ake yi, kuma yawan ƙwarya da ƙanƙantar faɗinta su ne ke nuna tsadar riga a wancan zamani.

Amma a yi hattara. Zaren hannu shi kaɗai bai isa a ce riga ta riga Turawa ba. Wannan yanki namu ƙasar auduga ce. Ko bayan da kamfanin Turawa na BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya kafa injin gurzar auduga a Funtua, jirgin ƙasa na Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuma ya ratsa garin, mata ba su ajiye mazari ba. Sun ci gaba da kaɗi shekaru da yawa. Masaƙar zamani ta Kaduna sai a 1957 ta fara aiki. Saboda haka rigar zaren hannu tana iya zama ta 1890, tana kuma iya zama ta 1950. Abin da zare yake yankewa kai tsaye shi ne akasin haka: in ka ga zaren roba, to magana ta ƙare, domin polista bai shiga kasuwar duniya ba sai a shekarun 1950.

Gwajin tsofaffin teloli yana nan da amfaninsa. Ka ciri silin zare guda daga wurin da ya riga ya zare, ka kusantar da shi ga ashana. Auduga tana warin takarda da ta ƙone, ta bar toka mai laushi. Siliki da tsamiya suna warin gashi. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Sili ɗaya ya isa, kada a sa wa rigar almakashi.

Tsamiya da alharini

Waɗannan biyun su ne shaidu mafi ƙarfi, kuma su ne aka fi ruɗewa a kansu. Tsamiya silikin gida ce, daga saƙar wata tsutsa da ke yin gida a jikin itatuwa irin tsamiya ake samunta, a dafa da toka, a kaɗa. Launinta tsakanin fari da ruwan ƙasa, ba ta ƙyalli kamar silikin kanti, kuma in ka shafa za ka ji ɗan kaushi. Da ita ake ɗinkin ƙirjin rigunan sarakuna da attajirai.

Alharini kuwa ja ne mai ɗaukar ido, a da fatake ne ke kawo shi daga Tarabulus ta hamada. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina da Kano a 1851, ya ba da labarin cinikinsa a kasuwar Kano. Ana saƙa shi cikin barage, ana kuma yin shafi da shi a bakin riga ta ciki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya sosai. Don haka rigar da shafinta alharini ne na gaske, jikinta kuma zaren hannu, tana da hujjar a kai ta ƙarni na 19 ko farkon na 20. Sai dai masu gyara kan ciro tsohon shafi su ɗora wa sabuwar riga, don haka a duba ko ɗinkin shafin da na jikin rigar hannu ɗaya ne, zare ɗaya.

Zanen ɗinki ba ya faɗin shekara

Nan ne mutane suka fi faɗawa. An ga aska takwas ko aska biyu, da tambari a baya, sai a ce lallai tsohuwa ce. Waɗannan zane-zane suna jikin rigunan ƙarni na 19 da ke ajiye a gidajen tarihi na Landan da Balin, kuma su ɗin dai ake ɗinkawa yau a birnin Zariya. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya tarar da maɗinka suna kan su. Zane gado ne, kowa yana kwaikwayon malaminsa.

Abin dubawa shi ne bayan ɗinkin. Na hannu za ka ga tazarar allura ba ta zo ɗaya ba, da wuraren da maɗinki ya ƙulle zare ya sa sabo. Na keke jere yake, da zaren ƙasa daban. A gefen ɗinki kuma wani lokaci akan ga sauran layin da mai zane ya ja kafin a fara. In tawada ce da alƙalamin kara, babu abin da ta rushe. In biro ne, to bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ɗinkin.

Tambayi tsofaffin gida

A ganina wannan ya fi duk gwajin da ke sama, kuma shi ne muke sakaci da shi. Riga mai daraja ba ta shigowa gida haka nan. Ko an naɗa mai ita dagaci, ko Galadima ko Sarkin Maska ya yi masa kyauta, ko ya sayo ta a shekarar da auduga ta yi kuɗi. Tsohuwar da ke gidan ba za ta ce 1938 ba, amma za ta ce zamanin Dikko ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981. In ta ce bayan yunwar Kakalaba, ka san an wuce 1914. Ka rubuta abin da ta faɗa da sunanta da ranar, ka ajiye takardar tare da rigar. In labarin baki da shaidar zare suka haɗu, ka samu abin dogaro.

Ajiya da doka

Kada a wanke ta da sabulun gari, kada a kai ta wurin mabuga. Tsohon zare ba ya jure bugu. Leda ma ba wurinta ba ce, domin damina a kudancin Katsina tana da laima, rigar sai ta yi fumfuna. A naɗe ta cikin farin ƙyallen auduga mai tsabta, a fito da ita inuwa ta sha iska da hunturu, a sauya mata ninki, a kuma duba gara da asu.

Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, kuma ba a fitar da shi daga Nijeriya sai da izinin hukumar. Kafin ka miƙa rigar kakanka ga wanda ya zo da kuɗi a hannu, ɗauki hotonta ciki da waje, ka kai wa ma'aikatan gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ko Gidan Makama a Kano su duba maka.