ZANGO: MAKAƊAN ZAMBIYA SUN SAKE HAƊUWA BAYAN SHEKARA 39

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi ya san abin da ake nufi da zango. Nan ne ayarin Abzinawa ke sauke gishirin Bilma, raƙuma su huta, fatake su gaisa, a ji labarin hanya kamin a sake ɗaura kaya zuwa Katsina ko Kano. To, a can ƙasar Zambiya, wata tsohuwar ƙungiyar makaɗa mai suna WITCH ta fid da faifai a watan Yuni na 2023, ta kuma raɗa masa suna Zango. A wajensu kalmar na nufin dandalin da mutanen gari ke taruwa. Sunan kuwa ya dace, domin rabon ƙungiyar da sabon faifai tun 1984, wato shekara 39 cur.

Tashi da faɗuwa

An kafa WITCH a farkon shekarun 1970 a garin Kitwe, yankin da ake haƙar jan ƙarfe. Samari ne da suka ji kiɗan rok na Ingila da Amurka, wato kiɗan gita mai aiki da lantarki, mai ƙara da amo, suka gauraya shi da kiɗan gargajiyar ƙasarsu. Aka kira wannan salo Zamrock. Mawaƙinsu, Emmanuel Chanda, jama'a suka yi masa laƙabi da Jagari, sabili da tsalle-tsallensa bisa dandali sun yi kama da na Mick Jagger, mawaƙin Rolling Stones. A lokacin Zambiya na cikin wadata, ma'aikatan ma'adinai na da kuɗin shiga gidan rawa da na sayen faifan garmaho. Shugaba Kenneth Kaunda kuma ya ba da umarni gidan rediyo ya fifita kiɗan ƙasa bisa na waje. Faifansu na 1975, Lazy Bones, shi ya fi kowanne shahara.

Amma wadatar ba ta ɗore ba. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuɗin jan ƙarfe ya faɗi a kasuwannin duniya, aljihun jama'a ya bushe. Mutanen Nijar sun san irin wannan hali, don haka ya faru da ƙarfen iraniyom a farkon shekarun 1980. Hukuma ta sa dokar hana yawon dare, gidajen rawa suka mutu. Jagari ya bar dandali ya kama aikin malanta, daga baya ya koma daji yana haƙar duwatsu masu daraja don ya ci da iyalinsa. Sauran abokansa na farko duk suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu ta dalilin cutar sida.

Yadda aka dawo

Abin da ya ceci sunan ƙungiyar shi ne faifai. Waƙoƙinsu sun kwana bisa garmaho, masu neman tsofaffin faya-fayai suka yi ta bin sawunsu. A 2012 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Now-Again, ya tattara su ya sake bugawa. Irin waɗannan kamfanoni masu zaman kansu ba su da jari mai yawa, amma suna da kunne, kuma sukan ɗauki kiɗan da manyan kamfanoni suka raina. Daga nan wani ɗan Italiya mai shirya fim, Gio Arlotta, ya tafi Zambiya ya nemo Jagari, fim ɗinsa ya fito a 2019. Samarin makaɗa daga Turai, ciki har da Jacco Gardner na ƙasar Holan, suka ɗauki gita da ganga, aka kira Patrick Mwondela wanda ya kaɗa wa ƙungiyar piyano mai lantarki a shekarun 1980, aka sake hawa dandali.

Abin da ke cikin faifan

Waƙoƙi 10 ne cikin Zango, an kuma ɗauke su a Lusaka, a ɗakin DB, inda aka ɗauki Lazy Bones. Wanda ya saurare shi zai tarar da cewa ba kukan tuna baya ba ne. Waƙar Waile ita ce zuciyarsa: tana farawa a hankali da ganguna da amshi irin na ƙauye, sannan gita ta ɓarke kamar hadarin farkon damina. Wanda ya saba da kiɗan gurmi ko na kalangu ba zai ɓata ba, don ginin ɗaya ne: mai waƙa ya jefa, ƴan amshi su karɓa, kiɗa na juyawa wuri guda har ya kama jiki. A waƙar Avalanche of Love sun gayyato Sampa the Great, matashiya ƴar Zambiya da ta yi suna a duniya, aka ji muryar jika da ta kaka a wuri ɗaya. Keith Kabwe na ƙungiyar Amanaz, tsararsu ne a zamanin Zamrock, shi ma ya ba da tasa murya.

Faifan bai rasa aibi ba. Muryar Jagari, wanda ya haura shekara 70, ta yi kauri, ba ta kai inda take kaiwa a da, ko da yake ta ƙara nauyi da natsuwa. Hannun samarin Turai ya fi na da tsabta, amma a wasu wurare an rasa ɗanyen zafin nan na faya-fayan farko. Waƙoƙin da aka yi da Ingilishi kuma ba su kai na harsunan ƙasa daɗi ba. Duk da haka aiki ne na mutanen da ke da sauran abin faɗi, kuma ƙungiyar ta tabbatar da haka da ta sake fid da wani faifai, Sogolo, a 2025.

Labarin gida

Irin wannan ya taɓa faruwa a Nijar. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na piyano mai lantarki a gidan rediyon ƙasa a 1978, kaset kaɗan aka buga. Shekaru da dama jama'a na jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba tare da sanin mai shi ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiya a Yamai, ya sake buga shi a 2013, sannan aka gayyaci Mamman Sani wasa a Turai. Kamfanin ya kuma buga tsofaffin waƙoƙin Azna de l'Ader, makaɗan rok na Tawa, cikin faifai mai suna Zabaya. A shekarar 2013 ɗin ce kamfanin FatCat na Ingila ya fid da Kaani na Tal National. Mdou Moctar kuwa, wanda waƙoƙinsa suka fara yawo ta wayar salula, ya fid da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024 a kamfanin Matador na Amurka.

A nan akwai abin lura. Duk waɗannan kamfanoni na waje ne. Baƙo ne ke zuwa ya tono, shi ne ke zaɓar abin da duniya za ta ji. Alhali kuwa a zamanin shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariyar garuruwa da ƙauyuka ta yi ta shirya waƙa da rawa don bukin matasa na ƙasa, kuma an ɗauki da yawa bisa kaset. Kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Zarensa kan manne, murya ta dushe, wata rana a sa shi a ji shiru.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Ya kamata duk mai tsohon kaset cikin adaka, a Tasawa ko Mayahi ko ƙauyukansu, ya fid do shi a kwafe shi cikin kwamfuta. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da aiki a nan: ya zauna da dattawan da suka yi waƙar, ya rubuta sunan mai waƙa, da na makaɗa, da gari, da shekara. Magadan gari da gidajen rediyon karkara za su iya tattara su, a kai kwafi cibiyar koyon kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai, a kuma rubuta su a ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, domin in waƙa ta kawo kuɗi wata rana, su isa hannun mai ita ko magadansa. Jagari ya yi sa'a an nemo shi yana da rai. Abokansa ba su ga wannan rana ba.