Hawainiya a Gonar Rama

Bahaushe in zai ja wa mutum kunne sai ya ce hawainiyarka ta kiyayi ramata. Ni kuwa na daɗe ina ganin an ɗora mata laifin da ba nata ba. Abin da ke kai hawainiya kan rama ba ganye ba ne, fara ce da ƙuda da sauran ƙwarin da ke ɓarna a gonar. Manomin Boɗinga da ya kore ta da sanda, mai gadinsa ya kora, wanda bai taɓa neman ko sisi ba.

A ƙarshen damina ake yawan ganin ta a titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga ya nufi Shagari, tana tsallaka kwalta, ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba ta yi baya kafin ta ajiye. Tsofaffi kan ce tun ƙasa na ɗanya ta zo duniya, shi ya sa har yau ba ta yarda da ita ba. Masana kuma suna ganin rangajin nan kwaikwayon ganye ne a iska, don kada shaho ya gane ta. A kan reshe dabara ce mai kyau. A gaban tirela, sannu takan hana zuwa.

Amma tsaya ka ga farautarta. Idanun nan biyu kowane da aikinsa, ɗaya na duban gaba, ɗaya na baya. Da ɗaya ya hango fara sai ɗan'uwansa ya juyo, su haɗu a kanta su auna nisa. Baki ya ɗan buɗe. Kafin ƙiftawar ido harshen da ya fi jikinta tsawo ya fita ya dawo, farar tana bakinta tana shure-shure. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna yauƙin da ke kan harshen ya fi miyan mutum danƙo kusan sau 400.

Da irin wannan danƙo wani tsiro mai suna Drosera yake cin abinci. Ganyensa cike yake da gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa mai ƙyalli. Ƙwaro ya ɗauka raɓa ce, ya sauka ya maƙale, ganyen ya naɗe shi ya narkar. Charles Darwin ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na 1875, kuma har yau a Turai da Amurka ana sayen sa a tukunya, a ajiye bakin taga, a riƙa ba shi ruwan sama don na famfo yakan kashe shi. Mu namu tarkon da ƙafarsa yake yawo, yara na jifan sa.

Tsoro ne ya jawo. Ana cewa cizon hawainiya dafi ne, alhali ba ta da dafi. Rikiɗar da ta sa ake kiran mai fuska biyu da sunanta ma ba yaudara ba ce: fushi da tsoro da sanyin safiya ne ke sauya mata launi, abin da ke ranta shi ke jikinta. Wadda ta tsira daga jifa sai ta ƙare a busashe a tabarmar mai magani ranar kasuwa, ga kuma feshin da ake wa wake yana ƙarar da abincinta.

Irin wannan hawainiya tamu ta Sahel akwai 'yan kaɗan a gaɓar teku kusa da garin Pylos na ƙasar Girka. A can doka ce ke kare ta, har 'yan sa-kai sun sha fita gadin wuraren da take binne ƙwai.