Madarunfa: tabki, waliyyai 99 da cinikinmu

Ƴan uwa ƴan kasuwa, wane ne cikinmu bai taɓa cin kifin Madarunfa ba? To, garin nan da ke kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 25 ko kusa da haka, arzikinsa ya wuce kifi. A kewayen tabkinsa akwai kaburburan waliyyai 99, waɗanda masu ziyara ke zuwa dominsu har daga Nijeriya. A 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO tabkin da dajin da kaburburan, tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Kowane baƙo ciniki ne: ya sayi soyayyen kifi, ya sha fura, ya hau kabu-kabu. Sai dai yashi na cike tabkin, ledar da ke bakinsa kuwa mu muke zubar da ita. In ya ƙafe, wa za mu sayar wa?