Yadda ake dafa ƙwan zabi da ɓawonsa ba tare da ya fashe ko ya ƙone ba

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Haɗejiya, zabi kan fara saka, sai ƙwansu ya cika kasuwanni daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Guri da Kirikasamma. A tashoshin mota ana tallarsa dafaffe da ƙullin yaji, a gidaje kuma ya zama abin karin kumallon yara. Sai dai sau da yawa akan bar shi a wuta har gwaiduwar ta bushe, ko a sauke shi da ɗanyensa. Duka biyun kuwa matsala ce ta lissafin lokaci.

Farin ƙwai yana fara daskarewa ne idan zafi ya kai kusan digiri 62 a ma'aunin Selshiyas, ita kuwa gwaiduwa sai tsakanin 65 zuwa 70. Ruwa yana tafasa a kusan digiri 100, saboda haka 'yan mintoci kaɗan ne ke raba ƙwai mai laushi da wanda ya yi tauri.

Kafin a ɗora tukunya, a gwada ƙwan a kwanon ruwa. Sabo yakan nutse ya kwanta, wanda ya kwana biyu ya miƙe tsaye, wanda ya taso sama kuwa a yar da shi, domin wataƙila baragurbi ne. Dalili shi ne iskar da ke cikin ƙwai tana ƙaruwa yayin da yake tsufa.

Daga nan a bari ruwa ya tafasa, a rage wuta ko a janye itace, sannan a saka ƙwan a hankali da ludayi. Tafasa mai ƙarfi ce ke gwara shi da tukunya har ya tsage. Ƙwan zabi ya fi na kaza kaurin ɓawo, don haka ya fi jure wannan, amma da yake ƙarami ne yakan nuna da wuri. Ƙwan kaza matsakaici yana buƙatar minti 6 idan ana son gwaiduwa ruwa-ruwa, minti 8 idan ana son ta yi laushi, sai minti 10 zuwa 12 domin ta dahu sarai. Ga na zabi a rage kamar minti 1.

Da an sauke, a tsoma shi cikin ruwan randa mai sanyi. Hakan yana tsayar da dahuwa, yana kuma sauƙaƙa ɓarewa. Koren zoben nan da ake gani a gefen gwaiduwa alama ce ta wuce lokaci: sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne ya haɗu da farar wutar da ke cikin farin. Ba ya cutarwa, sai dai yana rage daɗi.

Akwai kuma batun lafiya. Lokacin ƙwan zabi shi ne lokacin da Kogin Haɗejiya ke cika, kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022 takan gurɓata rijiyoyi. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, saboda haka kada a wanke shi sannan a ajiye, domin wankin yana cire rufin da ke tare ƙwayoyin cuta irin su salmonela. A goge shi da busasshen ƙyalle, a kuma yi amfani da tsaftataccen ruwa wajen sanyaya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar dafa abinci har zafinsa ya kai digiri 70, kuma kada dafaffe ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki.

Saboda haka masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya, a ba su wanda gwaiduwarsa ta dahu sarai. Mai sayen na talla kuma ya guji wanda ɓawonsa ya tsage, ko wanda ya wuni a rana.