Tashar Ikeda: Yadda kamfanin jirgin ƙasa a Japan ya samar wa kansa fasinjoji

A duk safiyar ranar aiki, dubban ma'aikata da ɗalibai kan yi tururuwa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ikeda da ke wajen birnin Osaka na ƙasar Japan. Daga nan suke hawa jiragen kamfanin Hankyu masu launin ja mai duhu, su nufi Umeda da ke tsakiyar birnin, tafiyar kimanin kilomita 16 da jirgi mai sauri kan cinye cikin minti 20 ko kusa da haka. Tashar da layin da take kai mallakar kamfani ne mai zaman kansa, wanda ya shafe fiye da shekara ɗari yana jigilar jama'a yana kuma cin riba, a sana'ar da a ƙasashe da dama ba ta tsayawa sai da tallafin gwamnati.

Asalin wannan nasara yana komawa ne ga shekarar 1910, lokacin da aka buɗe layin da ya haɗa Umeda da Takarazuka da Minoo. A wancan zamani yawancin yankin gonaki ne da ƙananan garuruwa, don haka mutane da yawa suka yi shakkar ko jirgin zai sami masu hawa. Jagoran aikin, Ichizo Kobayashi, wanda tsohon ma'aikacin banki ne, ya ga cewa idan babu fasinjoji, to aikin kamfani ne ya samar da su.

Tun kafin a kammala shimfiɗa dogo, kamfanin ya sayi filaye da arha a gefen layin. A kusa da tashar Ikeda ya gina unguwar Muromachi mai gidaje kusan 200, ya sayar wa ma'aikatan albashi na Osaka da suka gaji da cunkoso da hayaƙin masana'antu. Mai saye kan ba da kafin alƙalami, sannan ya riƙa biyan sauran kuɗin wata-wata har tsawon shekara goma, tsarin da ba a saba da shi ba a Japan a lokacin. Duk iyalin da suka tare a unguwar sun zama abokan cinikin jirgin na dindindin, domin da shi maigida zai tafi aiki, da shi zai komo.

Sai dai jirgin da ke cika da safe zuwa birni yakan dawo kusan fanko, kuma ranakun hutu kasuwa kan yi sanyi. Domin magance wannan, Kobayashi ya kafa wuraren shaƙatawa a ƙarshen layin. A Takarazuka aka buɗe wurin wanka na ruwan zafi, sannan a 1914 ƙungiyar 'yan mata masu waƙa da wasan kwaikwayo ta fara wasa, ƙungiyar da har yau take jan 'yan kallo daga sassan ƙasar. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1929 kamfanin ya buɗe katafaren kanti a tashar Umeda, ta yadda fasinja zai sauka daga jirgi ya shiga sayayya ba tare da ya taka titi ba.

Ta haka kuɗin mazaunin Ikeda ke komawa aljihu guda ta ƙofofi daban-daban: kuɗin gida, kuɗin tikiti, cefane da nishaɗi. Wannan yana da muhimmanci domin kamfanonin jirgin ƙasa a Japan ba su da ikon ƙara kuɗin tikiti yadda suka ga dama. Sai da amincewar ma'aikatar sufuri ake ɗaga iyakar farashin. Ribar filaye da kantuna da hayar gine-gine ita ke ba su ƙarfin gyara tashoshi da sabunta jirage. Wasu kamfanoni, irin su Tokyu da Seibu a yankin Tokyo, sun bi wannan sawu, har ya zama tsarin da aka gina yawancin unguwannin wajen manyan biranen ƙasar a kai.

Kobayashi ya zauna a Ikeda har rasuwarsa a 1957, kuma gidansa a yau wurin tarihi ne da baƙi ke ziyarta. Amma tsarin da ya bari yana fuskantar gwaji mai tsanani. An gina shi ne a kan sababbin iyalai masu neman muhalli, alhali yawan al'ummar Japan yana raguwa fiye da shekara goma ke nan, tsofaffi na ƙaruwa, haihuwa na ja baya. Wanda ya yi ritaya ba ya sayen tikitin wata-wata, kuma tun bayan annobar korona wasu ma'aikata na yin aiki daga gida.

A 2006 Hankyu ya haɗe da daɗaɗɗen abokin hamayyarsa, kamfanin Hanshin, ƙarƙashin uwar kamfani guda. Yanzu hankalin irin waɗannan kamfanoni ya karkata ga sabunta gine-ginen da ke kewaye da tashoshi da jawo matasan ma'aurata su tare a gefen layi, domin cike gurbin fasinjojin da tsufa ke ragewa.